Turmi da taɓarya: tarihin wata kyauta a ƙasashen Tasawa da Mayahi

0. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga wata matsalar fassara da ta same ni a tsakar gida. Sa'ad da na ƙare karatuna a Faransa, dattijon da na yi haya a gidansa ya yi mini kyautar ban kwana: waɗansu ƴan itatuwa biyu masu kama da tagwaye, tsawon kowane kamar taƙi guda. Shi da kansa ya sassaƙa su a kan injin da ke juya icce, ya sa wa kowane ɗan abin niƙa a ciki. Ɗaya na gishiri ne, ɗaya kuma na abin da Faransawa ke kira poivre. Da na iso da su Tasawa, tsohuwata ta jujjuya su a hannu, ta tambaye ni sunansu da Hausa. Na ce mata turmin gishiri ne irin na Nasara. Ta ce, to, ina taɓaryar? Da ta ga ban da amsa, sai ta jera su cikin kwabad tare da kwanoninta.

Tambayarta ta fi amsata ma'ana. Abubuwa biyun da Bafaranshe ke ajiyewa gefe da gefe a kan teburin cin abinci, watau gishiri da poivre, Bahaushe bai san su a matsayin ƴan biyu ba. Biyun da ya sani a wannan fage su ne turmi da taɓarya, su ne kuma ake sassaƙawa da hannu, a ba da su kyauta ranar da aka kai yarinya ɗakinta. Za mu bi tarihin wannan kyauta a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau. Mun dogara ga shaidar harshe, da labarin matafiya, da ayyukan masana irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut da Barbara Cooper, da kuma abin da ido ke gani a kasuwannin yankin. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa ba inji ne ya fi raunana sana'ar masassaƙi ba, kamar yadda aka saba faɗi. Icce ne ya ƙare masa, doka kuma ta shiga tsakaninsa da abin da ya rage.

1. Abin da kalmomi ke faɗi

Mai fassara yakan ci karo da tarko tun a kalmar farko. Faransanci ya bambanta poivre da piment, ɗalibanmu kuwa sukan mai da su duka biyu barkono. Barkono, wanda mutanen yamma da na Gobir ke kira tonka, shi ne piment, tsiro ne da ya fito daga nahiyar Amurka, bai kuma iso Afirka ba sai bayan 1492, ta hannun jiragen Fotugal. Poivre na gaskiya (Piper nigrum) ɗan kudancin Indiya ne, bai taɓa samun gindin zama a tukunyar Bahaushiya ba. Ɗan'uwansa da muka sani shi ne masoro (Piper guineense), wanda fatake ke kawowa daga kurmi tare da kimba da citta. Ke nan kafin zuwan barkono, zafin miyar ƙasar Hausa daga waɗannan yake fitowa. Yau sun koma kayan ƙamshi da na magani, baƙon kuma ya zama maigida.

Kalmar da ta dace a ɗora nazari a kanta ita ce yaji. Yaji ɗanɗano ne, kuma abu ne: garin barkono da gishiri da masoro da citta da kanumfari, wani lokaci da ƙuli-ƙuli ko daddawa, waɗanda aka daka tare. Shi ake barbaɗawa a kan tsire da ƙosai da ɗanwake da dambu, watau shi ne ke yin aikin da ƴan tagwayen dattijona ke yi a teburin Nasara. Bambancin shi ne abin da Nasara ya raba cikin mazubi biyu, ya bar wa mai ci ya auna da kansa, mace Bahaushiya ta riga ta haɗa shi cikin turmi guda, ta kuma yanke ma'aunin. Masana tarihin abinci sukan danganta zaman gishiri da poivre su biyu kaɗai a kan tebur ga girkin Faransa na ƙarni na 17, zamanin littafin La Varenne na 1651, lokacin da aka rage tarin kayan ƙamshi na da. Al'ada ce ta wani wuri da wani zamani, kamar yadda yaji yake.

Sai aikatau. A nan Hausa ta fi Faransanci wadata nesa ba kusa ba. Ana sussukar hatsi don a raba tsaba da zangarniya, a surfa shi don a fid da dusa, a daka shi ya zama gari, a kirɓa fura, a jajjaga tattasai da albasa, a dandaƙa ƙashi ko kanwa. Duk waɗannan aikin turmi ne. Niƙa da ɓarza da markaɗe kuwa aikin dutse ne, daga baya suka zama aikin inji. Faransanci yana da piler da broyer da concasser da moudre, iyakokinsu kuma ba su faɗa kan namu ba. Abin lura shi ne harshe ya raba bugu daga sama, wanda shi ne daka, da gugar abu tsakanin fuska biyu, wadda ita ce niƙa. Kyautar da na kawo niƙa take yi. Da na kira ta turmi na yi kuskuren da nake ja wa ɗalibai jan layi a kansa.

Wata ƴar magana a gefe. A nahawu turmi namiji ne, taɓarya mace ce, alhali siffarsu, da yadda ake sakaya zance da su idan an ce an kama waɗansu turmi da taɓarya, sun nuna akasin haka. Dalilin ba ya da zurfi: sunayen da suka ƙare da wasalin -a galibinsu mata ne, sauran kuma maza. Ina ambaton wannan ne saboda ɗaliban da ke son hango falsafar al'umma ta cikin jinsin suna. Kalmar turmi ta kuma fita daga madafa, ta shiga kasuwar tufafi, inda ake sayen turmin atamfa, ta shiga filin dambe, inda ake ƙidaya turmi na farko da na biyu.

2. Gishirin ayari

Dalilin da ya sa gishiri ke bukatar turmi a da shi ne dunƙule yake zuwa. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya iso Tasawa, bayan ya gangaro daga Abzin tare da ayarin gishiri na Kel Ewey. Wannan ayari shi ne jijiyar cinikin yankin. Raƙuma kan tashi daga Abzin da kaka, su ƙetare Tenere zuwa Fashi da Balma ɗauke da hatsi, su komo da gishiri da dabino, sa'annan su gangaro Damargu da ƙasar Hausa su ci rani. Buzaye kan sauka a gonakin da aka girbe, raƙuma su ci kara su bar taki, a musanya gishiri da gero. Tasawa tana kan wannan hanya, tsakanin Damargu da Katsina da Kano.

Gishirin Balma iri-iri ne. Akwai kantu, dogon curi mai tsini da ake zubawa cikin mazubin kututturen dabino, wanda yake haɗe da ƙasa, mafi yawansa kuma na dabbobi ne. Akwai beza, mai tsabta, wanda ya fi tsada, shi ne na miya. Daga gabas, ƙasar Manga, ana kawo mangul da manda, waɗanda ake tace ƙasarsu a dafa ruwan har ya daskare. Daga yamma kuma ana kawo na kwarin Foga. Manda ta yi suna har a waɗansu kare-karen harshen yamma ta zama sunan gishiri baki ɗaya. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1986, ya kuma nuna cewa kowane iri yana da masu sayensa da aikin da ake yi da shi. Ga matar gida, ma'anar wannan duka ita ce ɗan guntun da aka saro mata a kasuwa sai ta dandaƙa shi, ta daka, wani lokaci ta jiƙa ta tace yashi. Shi ya sa a gidan da ke da hali ake ware ƙaramin turmi na yaji daban da babban turmin hatsi, don kada fura ta ɗauki zafin barkono.

Ƙarni na 20 ya karya wannan tsari sannu a hankali. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar a 1899 da wuta da kisa, ta kuma watse a nan kusa, tsakanin Dankori da Maijirgi, cikin watan Yuli. Bayanta Faransawa suka kafa bariki a Tasawa, suka mai da ita mazaunin kumandan, har 1927 da aka ɗauke mazaunin zuwa Maraɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya buɗe wa gishirin Turawa hanya daga teku. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da ta biyo bayansa sun cinye raƙuman Abzin masu yawa. Daga baya mota ta karɓe abin da ya rage na dogon fatauci, a tsakiyar shekarun 1990 kuma gwamnatin Nijar ta wajabta sa sinadarin ayodin cikin gishirin ci. Gishirin da ake ƙullawa a leda yau gari ne tun daga masana'anta. Kantu yana nan a kasuwannin dabbobi, amma gishirin miya ya fita daga turmi, sai dai in ya shiga a matsayin ɗaya daga cikin kayan yaji.

3. Masassaƙi da iccensa

Sassaƙa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce ta maza, ana kuma yin ta da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. Ba ta zama rufaffen jinsi ba kamar yadda take wajen Lawɓe na Fulani, ko wajen maƙeran Buzaye, waɗanda su ne ke ƙira su ne kuma ke sassaƙa wa iyayengijinsu akushi da cokali da ƙafafun gado da turmin da ake ɗaure wa fata ya zama gangar tande. Masassaƙin Bahaushe manomi ne kamar kowa, yana aure inda ya ga dama. Amma ya dogara ga maƙeri ta fuska biyu: daga wajensa yake samun gatari da gizago da kurfi, kuma su biyun icce guda suke nema.

Wannan icce shi ne ƙirya (Prosopis africana). Zuciyarta ja ce mai duhu, tana da nauyi, gara ba ta cinta, ba ta kuma saurin tsagewa da bugu. Maƙeri yana son gawayinta don ya fi riƙe wuta, mai gini yana son ta don ginshiƙin rumbu, mata suna yin daddawa da ƴaƴanta, masassaƙi kuma ba ya da abin da ya fi ta a turmi da taɓarya. In babu ita sai a koma ga danya, wadda ta fi taushi, ta kuma fi dacewa da akushi, ko gawo, ko maɗaci inda ake samunsa. Taɓarya tana bukatar icce mai nauyi madaidaici, shi ya sa ake nemo marke ko aduwa ko kanya. Ke nan sau da yawa turmi da taɓaryarsa ba daga uwa ɗaya suka fito ba, ba kuma a damu su yi kama ba. Abin da ake dubawa shi ne kan taɓarya ya dace da zurfin turmi da faɗin cikinsa, nauyinta kuma ya dace da hannun mai daka.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne bambancinsa da aikin injin juyi yake. Masassaƙi kan sare gungume ɗanye, tun yana da ruwa, don ƙarfe ya fi shigarsa. Yakan fid da siffar waje da gatari, ya bar gindi mai faɗi, ya matse ƙugu, ya buɗe baki. Sa'annan ya kafa gungumen a ƙasa ya shiga rarake cikinsa da gizago mai doguwar ƙota, yana zagayawa, yana auna kaurin bango da tafin hannu. Ba ya da ma'auni ban da ido da taƙi. In ya gama sai a bar turmin ya bushe a inuwa, a shafe shi da mai don kada ya tsage, matar da ta saya kuma ta fara daka dusa a ciki kafin ta amince masa da hatsinta. A wannan aiki icce yana tsaye, mutum da ƙarfe ke zagaya shi. A kan injin juyi, wanda Faransawa ke kira tour, icce ne ke juyawa, ƙarfe yana tsaye. Arewacin Afirka ta daɗe da sanin wannan dabara: masu sana'a a Alƙahira da Marrakesh suna juya icce da baka da tsirkiya, suna riƙe kurfi da yatsun ƙafa. Ayarin da ya kawo mana takarda da kanumfari da jar hula bai kawo ta ta zauna ba. A ganina dalilin a fili yake: injin baka yana iya ƙananan sanduna na taga da kujera, ba ya iya gungumen da mutum biyu ke ɗauka da ƙyar, gidan ƙasa da na kara kuwa ba su da bukatar waɗannan sanduna.

Ƙirya icce ce ta ƙasashen da suka fi namu ruwa, Tasawa da Mayahi kuwa suna bakin iyakarta ta arewa. Tana kuma da jinkirin girma: kafin gindinta ya kai kaurin turmi, wanda ya gan ta tana tsiro ya tsufa. Muddin daji yana da faɗi wannan bai zama matsala ba. A ƙarni na 19 tsoron hari ya tattara mutane cikin garuruwa masu ganuwa da shinge, ya bar manyan dazuzzuka tsakaninsu. Da yaƙe-yaƙe suka kwanta bayan 1900, manoma suka bazu, suka haƙa rijiyoyi, suka kafa ƙauyuka a kan tudu har arewacin Gulbin Kaba. Sunayen garuruwa da yawa masu farawa da Gidan ko Ɗan shaida ce ta wannan zamani. Harajin Nasara da ake biya da kuɗi ya tura kowa ga gyaɗa, wadda ta kai ƙololuwarta a shekarun 1960, zamanin kamfanin SONARA. Binciken da Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bordeaux suka yi a ƙauyuka irin su Sharken Hausa ya nuna cewa kafin ƙarshen shekarun 1970 saura ta kusa ƙarewa, gona ta haɗe da gona. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe manyan itatuwa da dama a tsaye. A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 500, kowane sabon ɗaki kuma yana son turminsa.

A kan wannan ƙaranci doka ta zo ta ɗora nata nauyi. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, ta ba hukuma ikon dazuzzukan da ta ɗauka ba su da mai su, ta kuma ware itatuwan da ba a sara sai da izini. Dokar Nijar ta 4 ga Maris 1974 ta gaji wannan ruhi, jerinta kuma ya ƙunshi gawo da danya da aduwa da maɗaci da tsamiya da goriba, watau kusan duk abin da gizago ke so. Niyyar ta kare icce ce, amma sakamakon ya zama biyu. Masassaƙi ya koma mai aiki a ɓoye, ko mai biyan tara, kuɗin kuma ya hau kan turmi. Manomi shi ma ya gane cewa iccen da ya tsaya a gonarsa ba nasa ba ne, yana iya ma jawo masa tara in wani ya sare reshe, saboda haka ya fi masa sauƙi ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi don icce ya tsufa ta hana shi tsufa.

An fara gyara bayan taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu na 1984. A wannan lokaci ne dabarar da manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo ya yi fice wajen yaɗa ta, ta fara kama ƙasa: maimakon a ƙone kututture, a zaɓi tsiro biyu ko uku a raine su. Dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, da dokar 2020 da ta amince wa manomi da haƙƙi a kan iccen da ya raina, sun bi baya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar sun kai kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta. Wannan gaskiya ne, wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Agye ya gani. Sai dai abin da ya dawo da sauri shi ne sabara da kalgo da geza da gawo. Sun ba da makamashi da harawa da sandunan rufi, ba su ba da gungumen ƙirya ba tukuna. Shi ya sa turmi mai kyau yake zuwa yanzu daga kudu, ta kan iyakar Najeriya, a bayan mota.

4. Wa ke bayarwa, me ake bayarwa

Turmi yana shiga gidan miji tare da amarya, cikin kayan da danginta suka tara: tukwane, ƙwarya, ludayi, muciya, faifai, tabarma, da gara. Nata ne. In aure ya mutu da shi take fita, kishiya kuma ba ta taɓa shi sai da aro. Kafin ya fara aiki ma ya riga ya shiga al'ada, domin a wurare da yawa a kan kifaffen turmi ake zaunar da amarya a yi mata wanka, ƴan bori kuma sun san shi a wajen girka da wajen wasa. Luguden da ƴanmata ke yi ranar biki, taɓarya uku ko huɗu cikin turmi guda, sanarwa ce da dukan unguwa ke ji.

Nicolas, a littafinsa na 1986 kan kyauta da ciniki a kwarin Maraɗi, ya nuna cewa kyautar biki bashi ce mai rai: abin da ƙawa ta kawo miki yau, ke za ki ninka mata ranar nata, maroƙa kuma suna shelar adadi a bainar jama'a. A irin wannan tsari darajar kyauta tana ga wanda ya kawo, da yawan abin, da idon da ya gani. Ba ta ga cewa mai bayarwa ne ya yi abin da hannunsa. Dattijona na Faransa ya ba ni sa'o'in da ya ɓata a kan injinsa, abin da ya sa kyautar ta yi nauyi ke nan a wajensa. A Mayahi kuwa, baffan amarya da zai ɗauki gizago ya sassaƙa mata turmi alhali ba gadonsa ba ne, za a ce ko dai rowa ce ko talauci. Mutunci shi ne ya saya wajen mai sana'ar, a kuma san nawa ya biya.

Game da son abubuwa su zama iri ɗaya, Bahaushiya ba ta bar wa kowa ba, sai dai a jere take nemansa. Ƙoren da aka jera daga babba zuwa ƙarama a ɗakin amarya su ne ma'aunin arzikin uwarta. Cooper ta nuna, a nazarinta kan aure a Maraɗi (1997), yadda kuɗin gyaɗa da kasuwar Kano suka sauya wannan jere: kwanon sha da tasa da fanteka masu fenti suka ture ƙwarya da akushi, daga baya gadon ƙarfe da katifa da kwabad suka shigo. Masana'anta ta fi hannu iya fid da abu goma masu kama ɗaya, saboda haka ta ci wannan fage ba da wahala ba. Akushi ya faɗi a wannan yaƙi. Turmi bai faɗi ba, don shi ba a jera shi, a tsakar gida yake kwana, babu kuma kwano ko roba da ke jure taɓarya. Injin niƙa da ya bazu a garuruwa da manyan ƙauyuka ya karɓe niƙa da wani kashi na surfe, amma bai karɓe kirɓin fura ba, bai karɓe dakan yaji ba. Abin da ya faru shi ne turmi ya sauka daga abin nunawa ya koma abin bukata: ba a shelarsa, amma ba a kai amarya babu shi.

Akwai kuwa kyautar hannu ta gaskiya a wannan al'ada, sai dai ba mazubin ba ce, abin da ke fitowa daga cikinsa ne. In mace ta haihu, miji kan sayo kayan yaji, mata su taru su daka, mai jego ta ci da ƙauri da kunun kanwa har ta yi arba'in, a kuma ɗiba a aika wa dangi da maƙwabta. Ɗan lakkwal da za shi makarantar kwana, da alhaji mai shirin tafiya, da ɗan ci-rani mai haramar Kano ko Agadas, kowane da ƙullin yajinsa. A nan ana tambayar hannun wa ya daka, ana kuma gane shi a baki. Ni ma da zan tafi Faransa, abin da tsohuwata ta cusa mini cikin akwati ke nan, gwangwanin madara cike da yaji, an naɗe bakinsa da tsumma.

5. Injin juyi a yau

Injin juyi ya iso ƙasarmu ta hannun makarantun koyon sana'a da kafintocin birni, aikinsa na farko kuma shi ne ƙafafun gado da na kujera. Gidan tarihi na Yamai, wanda aka buɗe a 1959, da ƙauyen masu sana'a na Wadata sun buɗe wata kasuwa ta kayan tsaraba, wadda masu sayenta baƙi ne da ma'aikata. A kasuwannin Maraɗi da Tasawa ana ganin ƙananan turame masu santsi da zobba a jiki, waɗanda aka fid da su a kan inji, matan gari kuma suna sayensu don jajjage. Suna da kyan gani, sai dai galibi farin icce ne marar nauyi, ba su kuma daɗewa. Shawarar da akan ji ta cewa a raba wa masassaƙan karkara irin waɗannan injuna ta manta da abu biyu: inji yana son lantarki, yana kuma son busasshen katako madaidaici, wanda shi ne ainihin abin da babu.

Game da ƴan tagwayen, bara na karɓo su aro daga kwabad na gwada. Kamfanin Peugeot, wanda mu muka sani da mota, ya fara ƙera irin wannan maniƙa ta poivre tun 1874, haƙoranta kuma ƙarfe ne. Ta gishiri ba a yi mata haƙoran baƙin ƙarfe, don gishiri yana sa tsatsa. Na sa guntun kantu cikin ta gishirin, ƙasar da ke jikinsa ta toshe ta nan take. Ɗayar ta niƙa masoron kasuwar Tasawa sarai. Kimba ce ta ƙi, domin ita kwanso ce mai zare, sai da na mai da ita turmi.